Yashi, ƙasar gona ko ta buhu: me zan shimfiɗa a akwatin kifi mai shuka?

Abban Hanifa (Hotoro, Kano):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na sa mai gilashi ya haɗa mini akwatin kifi, tsawonsa santimita 90, faɗi 40, tsayi 45. Wannan karon ba furen roba nake so ba, shuka mai rai nake so in dasa. Na tambayi kuɗin ƙasar buhu da ake shigowa da ita, ADA Amazonia, wajen wani mai sayarwa a Legas. Da ya faɗa mini, sai na ga buhu biyu sun fi kuɗin gilashin da fitilar a haɗe, ba a ma yi maganar kuɗin mota ba. Ni ɗan albashi ne, ga iyali. Don Allah akwai abin da zan shimfiɗa daga abin da muke da shi a nan, shuka ta kama, kifi kuma ya zauna lafiya?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin jama'a su fara, faɗa mana abu huɗu: wace shuka za ka dasa, wane kifi za ka zuba, da wane ruwa kake amfani, kuma yaya wuta take a unguwarku.

Abban Hanifa:
Na gode Shugaba. Wani abokina zai ba ni Vallisneria, irin mai dogon ganye kamar ciyawa, da Amazon sword guda biyu, da Anubias ɗaya. Kifi kuwa gofi nake da su yanzu a baho, daga baya ina sha'awar Corydoras, ƙananan kifin nan masu gashin baki da ke kiwo a ƙasan akwati. Ruwanmu na burtsatse ne, har farin abu yake bari a butar shayi. Wuta sai a hankali. Ina da ƙaramar sola da za ta riƙe fitila, amma filta sai an kawo wuta.

Injiniya (Samaru, Zariya):
To Abban Hanifa, fara da lissafi don kada ka sayi abin da ya wuce bukata. Ka ninka tsawo da faɗi da kaurin shimfiɗar da kake so, duk a santimita, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne lita. Naka 90 sau 40 sau 5 ya ba da lita 18. Shi ya sa aka ce maka buhu biyu, don babban buhun Amazonia lita 9 ne. In yashi ne, lita ɗaya tana kai kilo ɗaya da rabi, ka ga kilo 27 ke nan, abin da ba zai fi kwanon sarki biyu ba.

Shawarata yashi. Amma ba rairayin filasta ba, wannan ya yi laushi da yawa, yana danƙarewa, saiwa ba ta numfashi a cikinsa. Ka je inda tifa ke juye yashin kankare, ka roƙi masu gini ko ka ba su na goro. Ka tankaɗe shi sau biyu: rariya mai manyan ido ta riƙe duwatsu, mai ƙananan ido ta zubar da ƙura. Abin da ya rage a tsakiya, mai girman ƙwayar gero, wato milimita 1 zuwa 3, shi kake nema. Sai wanki. Ka zuba kaɗan-kaɗan a bokiti, ka sa ruwa, ka dama da hannu, ka tsiyaye, har sai ka ga ƙasan bokitin ta cikin ruwan. Nawa sai da na yi wa kowane bokiti wanki fiye da goma. Kada sabulu ko omo ya kusance shi.

Maman Sadiq (Unguwar Rimi, Kaduna):
Injiniya, gaskiya ka faɗa a kan wanki da tankaɗe, amma yashi zalla ba abinci a cikinsa. Amazon sword da saiwa yake ci. Na dasa shi a yashi zalla shekarar da na fara, wata biyu ganyen ya koma rawaya, sabon da ke fitowa ƙarami, har ana hango haske ta cikinsa.

Abin da nake yi yanzu, kuma akwatina biyu a kansa suke shekara uku ke nan, shi ne ƙasa a ƙasa, yashi a sama. Ba ni na ƙirƙiro ba. Wata Ba'amurkiya ce, Diana Walstad, ta yi bayaninsa a littafin da ta fitar a 1999, har ake kiran tsarin da sunanta. Ƙasar shuka ta yau da kullum kaurin inci ɗaya, wato santimita 2 da rabi, sai a rufe ta da yashi ko ƙananan tsakuwa kamar haka ko ɗan fi. A naka akwatin, Abban Hanifa, ƙasa lita 9 ce kawai, yashi kuma lita 11 in ka yi santimita 3.

Abin da ya sa na ce ya dace da kai shi ne maganar wuta. Ƙasar tana ruɓewa a hankali, tana ba shuka abinci da iskar kabon da take bukata, shukar kuma tana tsotse dattin kifi. In ka dasa da yawa tun ranar farko kuma ba ka cika kifi ba, ko filta ta kwana biyu ba ta juya ba, ba za ka tashi ka tarar da kifi a saman ruwa suna haki ba. Mu nan an taɓa ɗauke mana wuta kwana biyar, ban rasa ko ɗaya ba.

Injiniya:
Hajiya, ban musa ba, amma ki faɗa masa ɗaya ɓangaren. Ranar da ya so ya matsar da shuka, yana tuge ta laka za ta biyo saiwar ta turnuƙe ruwan. Sword ɗin nan saiwarsa tana iya mamaye rabin akwati. Sabon shiga kuwa kullum cikin canje-canje yake. Da yashi zalla, sai ya cusa ƙwayar taki ta shukar ruwa a gindin kowane sword duk wata uku ko huɗu, shi ke nan. Ya tuge, ya mayar, ba abin da zai faru.

Maman Sadiq:
Ba a tugewa, Injiniya. Ana kashe filta, a ɗaga shukar kaɗan, a sa almakashi a yanke saiwar a cikin yashi, a bar sauran ya ruɓe a can. Ƙwayar takin kuma ai ita ma daga waje take zuwa, kuma duk wata uku sai ka sake sa hannu a aljihu. Mutumin nan sauƙi ya ce yana nema.

Khalifa (Gwarinpa, Abuja):
Yayyena, ku yi haƙuri zan shigo. Ni dai ban goyi bayan a tura sabon shiga ya je ya kwaso ƙasar da bai san abin da ke cikinta ba. Kamfanin ADA na Takashi Amano ne, mutumin Japan da ya koya wa duniya yadda ake tsara akwatin kifi kamar daji, ya rasu a 2015. Ƙasarsu an dunƙula ta ƙwaya-ƙwaya, ruwa yana ratsa ta, tana riƙe abincin shuka, tana kuma sauke pH, wato tana sa ruwan ya ɗan yi tsami. In Amazonia ta yi tsada akwai ta Tropica daga Denmak, akwai Fluval Stratum. Ya yi haƙuri ya tara kuɗi wata biyu ya sayi abu mai kyau. Araha ba ta ado.

Shugaban Zaure:
Khalifa, na ga hotunan akwatinka, masha Allah, ba wanda zai ce ƙasar ba ta aiki. Amma ka duba abin da ya ce zai dasa da ruwan da yake da shi. Farin abin da ke butarsa alamar ruwa mai nauyi ne, mai sinadarin farar ƙasa. Ita ƙasar buhu aikinta ta tausasa ruwa, in kana zuba mata ruwa mai nauyi duk mako, ƙarfin nata zai ƙare da wuri, kuɗin da ka biya saboda shi ya tafi. Sannan gofi ruwa mai nauyi suke so, Vallisneria ma haka. To don me zai biya kuɗi a sauya masa ruwan da ya riga ya dace da kayansa? Kai ciyawar shimfiɗa kake nomawa, kana da tukunyar iskar kabon, kana da fitila mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Naka daban, nasa daban.

Kuma kada mu ɓoye masa, Amazonia tana sakin amoniya, sinadarin da ke zama guba ga kifi, sosai a makonnin farko. Wanda bai sani ba ya zuba kifi a satin farko, zai yi asara ko da ya sayi mai tsadar. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu abincin cikinta yana raguwa, a koma sa taki kamar kowa.

Khalifa:
Maganar amoniya haka take, ni ma sai da na yi wata guda ina canjin ruwa kafin na sa kifi. Amma har yanzu tambayata tana nan: wace ƙasa zai ɗebo? Ta bayan gida? Ta bakin kwata?

Baba Mai Lambu (Kwanar Dawaki):
Yaro ya yi tambaya mai kyau, bari in amsa masa, don ƙasa ita ce sana'ata tun ba a haifi yawancinku ba. Ɗana Abban Hanifa, kada ka sayi ƙasar leda da muke sayar wa masu furen tukunya. Mu da kanmu muke haɗa ta da kashin shanu ko na kaji, wani ma ya ƙara takin zamani. A tukunya alheri ce, a cikin ruwan kifi guba ce. Kada kuma ka ɗebi ta gonar da ake feshi, ko ta gefen titi inda baƙin mai ke zuba, ko ta kusa da bola.

Ka nemi gindin babbar bishiya a wurin da ba a noma, ba a ɗaure dabba, irin gindin tsamiya ko ɗorawa a bayan gari. Ka share busasshen ganye, ka kankare saman kamar faɗin yatsu huɗu. Za ka ga ƙasa mai duhu, in ka shinshina tana ƙamshin ruwan farko. Ita ce. In ka kawo gida ka tankaɗe, ka zuba a baho, ka cika da ruwa, ka dama. Duk abin da ya taso sama, tsinke ne, saiwa ce, ɓawo ne, ka kwashe ka zubar. Ta kwana biyu a jiƙe, ka tsiyaye, ka baza ta a kan buhu a rana ta bushe ƙarau. Ka sake jiƙawa, ka sake shanyawa, sau uku ko huɗu. Wannan jiƙa da shanya shi ke cinye zafin ƙasar tun a waje. Da ranarmu ta Kano, sati biyu ya ishe ka.

Maman Sadiq:
Allah ya ƙara girma Baba. Haka nake yi, sai dai ban san gindin ɗorawa ba, daga gonar kakata da aka daɗe ba a noma ba na ɗebo. In ƙara abu ɗaya: lokacin shimfiɗawa, ƙasar ta zama da danshi kamar kwaɓin gini, ba ruwa tsamo-tsamo ba. Ka bar faɗin yatsa biyu daga jikin gilashi ka cike wurin da yashi, don kada a riƙa hango laka daga waje. In za ka zuba ruwa, ka ajiye faranti a kan yashin ka riƙa zubawa a kansa a hankali.

Abu Ammar (Tudun Wada, Gombe):
Abin da Baba ya hana shi ne ya same ni, don haka ku saurara. Bara na sayi ƙasar leda a wajen wani mai sayar da fure, na tambaye shi ko akwai taki a ciki ya ce babu. Na shimfiɗa da kauri, ya kai santimita 6, don ina ganin yawanta shi ne alheri. Kwana huɗu ruwan ya koma kamar shayi. A sati na biyu na danna yashin da yatsa, sai ga kumfa tana tasowa, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika falo. Kifin moli takwas nake da su, da safe na tarar da biyar a kwance a ƙasa, sauran ukun suna saman ruwa bakinsu na buɗewa yana rufewa. 'Yata ita ke ba su abinci kullum kafin ta tafi makaranta, ranar da kuka ta fita. Kada ka wuce inci ɗaya, Abban Hanifa, kuma kada ka yi gaggawar zuba kifi.

Abban Hanifa:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Wallahi da ba ka yi magana ba, niyyata gobe in tsaya wajen masu fure a hanyar ofis.

Ɗan Sakkwato:
A kula da irin yashi da tsakuwar ma. Mu nan yankin Kalambaina dutsen siminti ne ko'ina, ku ma mutanen Gombe kuna da shi wajen Ashaka. Irin wannan dutse yana narkewa a hankali ya ƙara wa ruwa nauyi. Gwajinsa ba wuya: ka busar da ɗan yashin, ka zuba a murfin kwalba, ka ɗiga ruwan khal. In ya yi kumfa yana shuuu, akwai shi a ciki. Farar tsakuwar ado da ake sayarwa a shagon kifi ma ku gwada ta, da yawa dutsen mabul (marble) ne ko ɓawon katantanwa. Ga mai gofi ba wani abin tashin hankali ba ne, amma mai kifin tetra ya guje ta.

Injiniya:
Tunda a Kano yake, ya tambayi direban tifa daga ina aka ɗebo. Kowa ya san ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogin Challawa, kuma da sinadarin kuromiyam ake jimar zamani. Ni ba zan sa yashin ƙasan wurin a akwatina ba. Wata hanyar kuma, masu sayar da kayan gidan fiyawota suna da yashin tace ruwa a buhu, an riga an tankaɗe shi, ƙwayarsa daidai wa daida. Ya fi na tifa kuɗi, amma bai kama ƙafar na waje ba. Saboda Corydoras, ka murza yashin a tafin hannu, in yana karce ka, ka bar shi. Da gashin baki suke tonon abinci, fasasshiyar tsakuwar dutse mai kaifi tana cinye musu shi.

Malam Mai Kimiyya (Bichi):
Akwai abin da muke takawa kullum wanda Turawa suka daɗe suna saya da tsada: marmara. Kamfanin Dupla na Jamus ya yi suna a shekarun 1980 da sayar da jar ƙasar nan a ƙaramin kwali don a barbaɗa a ƙasan akwatin shuka, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinta. Ita ce ake zubawa a titi kafin kwalta. In za ka bi hanyar Injiniya ta yashi zalla, ka daka marmara, ka haɗa cikin hannu biyu ko uku da yashin can ƙasa, ka rufe da wankakke. Ko ka kwaɓa ta da yumɓu ka mulmula kamar ƙwallon goriba ƙanana, ka shanya, ka riƙa cusawa a gindin sword. Ba cikakken abinci ba ce, ƙarfe take bayarwa, tana kuma riƙe abin da ya gangaro daga kashin kifi. Kada dai ta fito sama, ruwan zai yi ja ya daɗe bai washe ba. In kuma ƙasar Baba za ka sa, ba sai ka ƙara marmara ba, ta wadatar.

Anubias ɗinka kuwa ba ruwansa da duk wannan gardama. Asalinsa daga rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru ne, a jikin dutse da itace yake manne. Ka ɗaure shi da zare a jikin dutse. In ka binne kaurin jikin nan da ganye ke fitowa daga gare shi, ruɓewa zai yi.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan rairayi ne da mu mai laushi ƙwarai, samun mai gwaɓi sai an sha wuya. Abin da nike yi, ba ni wuce santimita 3, kuma na sa dodon koɗi ƙanana masu dogon baya da ke shiga cikin rairayi suna motsa shi. A sama na bar kainuwa. Ita ba ta son ƙasa ko kaɗan, dashen Allah ce, saiwarta a ruwa take shan datti. A sabon akwati mai ƙasa tana da amfani, tana rage gansakuka. Sai dai a riƙa rage ta, in ta rufe sama duka na ƙasa ba su samun haske.

Khalifa:
Kainuwa na yarda da ita. Kun san ma jan furen ruwan da muke saya da sunan tiger lotus ɗan'uwan bado ne? Daga Afirka ta Yamma ake fitar da shi, a kai Turai da Asiya a raine shi, mu sake sayowa.

Dakta (Haɗeja):
Tunda an fara maganar kainuwa da bado, na san gobe wani zai nufi kududdufi ko dam. Don Allah a yi hattara da tsargiya. Tsutsar cutar a jikin ƙananan katantanwar ruwa take girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Mu nan yankin muna ganin yara masu fitsarin jini a kai a kai. Tsutsar ba ta wuce kamar kwana biyu a ruwa in ba ta sami mutum ba, amma katantanwar da ke ɗauke da ita tana ci gaba da sakinta tsawon makonni. In ka shigo da ita gida a jikin saiwa, kai da yaranka kuke sa hannu a ruwan. A sa takalmin roba da safar hannu, a ajiye shukar a bokiti daban na sati biyu, a duba bayan kowane ganye a cire katantanwa da ƙwanta. Yashin kogi kuma a shanya shi ya bushe sarai, ko a zuba masa tafasasshen ruwa. Mafi sauƙi, ka karɓi kainuwa daga wanda ya daɗe yana kiwonta a gida.

Abban Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawara zan bi hanyar Hajiya da Baba. Asabar zan je ƙauyenmu wajen Gezawa, akwai tsamiya a bayan gidan kawuna. Tambaya ta ƙarshe, yaushe zan sa kifi?

Maman Sadiq:
Ka dasa tun ranar farko, ka cika shuka, kada ka yi rowa. Fitila awa 6 zuwa 7 a farko. Sati biyun farko ka canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk kwana uku, daga nan sau ɗaya a mako. In kana da abin gwajin amoniya, sai ya nuna babu. In ba ka da shi, ka jira sati huɗu kuma ka ga sabon ganye yana fitowa, sannan ka sa gofi huɗu ko biyar ka gani. Yanzu zafi ya shigo, amoniya ta fi illa a ruwa mai ɗumi, don haka kada ka matsu. Corydoras sai bayan wata biyu ko uku.

Injiniya:
Ni dai ina nan a kan yashi zalla, amma Allah ya ba da sa'a. Ka ajiye ragowar wankakken yashi a buhu. Duk inda ka ga laka ta leƙo, ka zuba cokali biyu a kai.

Abban Hanifa (bayan mako bakwai):
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto. Abin da na kashe shi ne kuɗin yashin tace ruwa rabin buhu, da rariya biyu, da man mashin zuwa Gezawa. Satin farko ruwan ya ɗan yi launin shayi, ya washe da canji. Vallisneria ta fara narkewa har na tsorata, na yi wa Hajiya magana ta ce in bar ta, yanzu ta fitar da 'ya'ya goma sha ɗaya suna bin jikin gilashin baya. Sword ɗaya ya yi sabon ganye biyar, ɗayan uku. Gofi shida na sa, mace ɗaya ta haihu shekaranjiya, 'ya'yan suna ɓuya a saiwar kainuwa. Matsala ɗaya, akwai gansakuka mai kama da gashi a kan ganyen Anubias, kuma a kusurwar hagu in na danna yashi kumfa tana fitowa, amma na shinshina ba wari.

Maman Sadiq:
Masha Allah. Kumfar da ba ta wari ba komai, ka riƙa soka tsinken tsire a wurin sau ɗaya a mako har saiwa ta kai can. Anubias ɗin haske ya yi masa yawa, ka matsar da dutsen ƙarƙashin inuwar kainuwa.

Khalifa:
Yaya, turo hoto daga gefe mu ga kaurin shimfiɗar. In Vallisneria ta ƙara yawa ina son 'ya'ya biyar, akwai direban da ke zuwa Abuja daga tashar Unguwa Uku duk Juma'a, zan turo maka da shukar Cryptocoryne a madadinsu.